Yadda Ake Neman Tallafin Kuɗi Domin Asibitin Marasa Galihu a Amurka

Kusan duk lokacin da aka yi rashi a cikinmu, ko aka kwantar da wani ɗan'uwa da shanyewar ɓarin jiki, sai zancen ya taso a wajen zaman gaisuwa. Mutum ya shekara goma yana tuƙin tasi ko aikin gadi, ba shi da inshorar lafiya, bai taɓa auna jininsa ba sai ranar da ya yanke jiki ya faɗi. Sai wani dattijo ya ce, "Wai mu ba za mu iya buɗe namu asibitin ba ne? Ga 'ya'yanmu likitoci, ga nas-nas, kuma an ce gwamnati kuɗi take bayarwa kyauta." Kowa ya gyaɗa kai, a shafa fatiha, a watse.

Kuɗin kam akwai su. Kalmar "kyauta" ce ke yaudarar mutane. Na yi shekaru ina zama a kwamitin wani ƙaramin asibitin unguwa, na ga takardar da ta ci, na ga wadda ta faɗi. Ranar da sanarwar tallafi ta fito, kusan an riga an gama tsere, domin abin da ake tambaya a fom ɗin ba ya haɗuwa cikin wata biyu: kwamiti mai zama, alƙaluman marasa lafiya, littafin kuɗi mai tsafta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka yawancin matakan nan aikin da ake yi ne tun kafin a ji ƙamshin sanarwa.

Mataki na farko: ku san wane irin asibiti kuke so ku zama

Asibitocin da ke karɓar kowa, da kuɗi ko babu, ba duka ne suke shan ruwa a rijiya ɗaya ba.

Manyansu su ne cibiyoyin lafiya na unguwa waɗanda gwamnatin tarayya ke tallafa wa a ƙarƙashin sashe na 330 na dokar kula da lafiyar jama'a. Hukumar HRSA, wadda ke cikin ma'aikatar lafiya, ita ke riƙe da shirin. Ƙungiyoyi wajen 1,400 ne ke cin wannan tallafi, suna da rassa sama da 15,000, suna duba mutum fiye da miliyan 30 a shekara, kuma kusan tara cikin goma na waɗannan mutane masu ƙaramin ƙarfi ne. Sashen yana da ƙofofi huɗu: na jama'ar unguwa gaba ɗaya, na leburorin gona masu bin damina, na marasa muhalli, da na mazauna gidajen gwamnati.

Asalin abin yana da ban sha'awa, kuma yana bayyana dalilin wasu sharuɗɗan da za ku ga kamar tsaurin banza ne. Wani likita, Jack Geiger, tun yana ɗalibi ya je Afirka ta Kudu ya ga irin aikin da Sidney da Emily Kark suka kafa a ƙauyen Pholela, inda asibiti ke bin lafiyar gari gaba ɗaya maimakon jiran wanda ya kwanta. Da ya dawo, shi da Count Gibson suka samu tallafin gwamnati a 1965 suka kafa cibiyoyi biyu na farko, ɗaya a unguwar Columbia Point a Bostan, ɗaya a Mound Bayou a jihar Misisifi. A Misisifi ya ga yunwa ce ke kwantar da yara, sai ya dinga rubuta abinci a takardar magani, a je kanti a karɓa, asibiti ya biya daga kuɗin kemis. Da jami'ai suka yi masa ƙorafi, ya ce musu shi dai a littafinsa maganin yunwa abinci ne. Wannan tunani na nan har yau a cikin fom-fom ɗin HRSA. Suna son su ga kun san yadda mutanenku suke rayuwa.

Na biyu, akwai cibiyar da ta cika duk sharuɗɗan na farko amma ba a ba ta tallafin ba. Ana kiran matsayin Look-Alike, wato mai kama da su. Zan dawo kanta, don a ganina ita ce hanyar da ta fi dacewa da yawancinmu.

Na uku, asibitocin sadaka, waɗanda likitoci 'yan sa kai ke riƙewa da daddare ko ranar Asabar. Su ma sun kai wajen 1,400 a ƙasar, kuma suna da ƙungiyarsu ta ƙasa, NAFC. Su ba sa samun tallafin sashe na 330. Da gudummawar jama'a da gidauniyoyi suke rayuwa.

Ku zauna ku faɗa wa kanku gaskiya. In abin da kuke da shi likita biyu ne masu zuwa ranar Asabar, to ku asibitin sadaka ne, kuma ba abin kunya ba ne. Daga nan ake farawa.

Mataki na biyu: ku tabbatar da buƙatar unguwarku da alƙaluma

Kowa ya san unguwarsa tana cikin wahala. Mai duba takarda a Washinton bai sani ba, kuma "jama'armu suna shan wahala ƙwarai" ba ta da maki.

Sharaɗin farko shi ne yankin da za ku yi aiki, ko wani rukunin mutane a cikinsa, ya kasance HRSA ta ayyana shi a matsayin mai ƙarancin kulawar lafiya. Ana kiran wannan MUA in yanki ne, MUP in rukunin mutane ne. Abu huɗu ake aunawa: yawan likitocin matakin farko ga kowane mutum 1,000, yawan mace-macen jarirai, yawan masu rayuwa ƙasa da ma'aunin talauci, da yawan waɗanda suka kai shekara 65. Ana haɗa su a fitar da maki daga 0 zuwa 100, kuma yankin da ya samu 62 ko ƙasa da haka ya shiga. Ku shiga shafin data.hrsa.gov ku sa adireshin wurin da kuke so, nan take zai nuna muku. In bai shiga ba, ba ku ne za ku rubuta wa HRSA ba. Kowace jiha tana da ofishin kula da lafiya matakin farko, shi ke miƙa buƙatar.

Bayan wannan, ku buɗe taswirar HRSA mai suna GeoCare Navigator. Tana nuna, bisa lambar gidan waya ta kowace unguwa, yawan masu ƙaramin ƙarfi da yawan waɗanda wata cibiya ta riga ta ɗauka. Nan ne mutane da yawa suke sanyi, musamman mazauna wurare irin Bronx a Niyok, inda za ka tarar da cibiyoyi kusan a kowane babban titi. In haka ne, hujjarku ba za ta zama "babu asibiti" ba. Sai ku nuna waɗanda asibitocin da ke akwai ba su kai gare su ba, da dalili.

Nan kuma namu yake da wahala. Ƙididdigar gwamnati ba ta ware Bahaushe ko mutumin zango daga sauran baƙaƙen fata a yawancin teburanta, don haka sai kun tattara naku. Mu abin da muka yi, tebur muka kafa a ƙofar masallaci Juma'a bayan Juma'a, da na'urar awon jini da 'yar takarda mai tambaya shida: kana da inshora, yaushe rabonka da likita, da wane harshe kake so a yi maka bayani, me ya hana ka zuwa, da sauransu. Ba mu rubuta sunan kowa ba, kuma da ƙarfi muke faɗar haka, don in ba haka ba rabin mutane ba za su matso ba. Wata Hajiya mai sayar da abinci ta ce mana ita ta je asibiti sau ɗaya, aka sa ɗanta mai shekara goma sha biyu ya yi mata tafinta a kan ciwon mata, tun daga ranar ba ta koma ba. Layi biyu wannan labari ya ci a takardarmu, kusa da adadin matan da suka ce harshe ne ya hana su. Ku riƙe wannan tsari: adadi, sannan fuska ɗaya a bayansa.

Mataki na uku: ƙungiya da kwamiti

Tallafin na hukumomin gwamnati ne da ƙungiyoyin da ba na neman riba ba. Ku yi rajistar ƙungiya a jiharku, ku karɓi lambar haraji ta EIN daga hukumar haraji ta IRS, sannan ku nemi matsayin 501(c)(3), wato yafewar haraji ga ƙungiyar da ba ta neman riba, da fom 1023, wanda kuɗinsa dala 600 ne. Akwai gajerensa, 1023-EZ, na dala 275, amma na ƙungiyar da ba ta sa ran samun fiye da dala 50,000 a shekara ne, don haka in burinku babba ne ku cike dogon tun farko. Lasisin buɗe asibiti kuma maganar jiha ce, kuma jihohi sun bambanta ƙwarai. A nan ku biya lauya.

Kwamitin amintattu shi ne wurin da na fi ganin mutanenmu suna tuntuɓe, don dokar ta saba wa yadda muka saba kafa kwamiti. Mu in za a kafa kwamiti, sai a jero liman, da sarkin zango, da attajirai biyu, da duk wani mai digiri. Dokar cewa ta yi kwamiti ya kasance mutum 9 zuwa 25, kuma aƙalla kashi 51 cikin 100 su kasance marasa lafiyar da ake dubawa a asibitin, masu kama da jama'ar da ake yi wa hidima. Sauran, waɗanda ba a asibitin ake duba su ba, bai halatta fiye da rabinsu su kasance masu samun sama da kashi 10 na kuɗin shigarsu daga harkar lafiya ba. Ma'aikacin asibitin ba ya shiga kwamiti, haka matarsa ko mijinta, da 'ya'ya da iyaye da 'yan'uwa, na jini ne ko ta hanyar aure. Kuma dole a zauna kowane wata, a rubuta abin da aka tattauna.

Wannan kwamiti ba na ado ba ne. Shi ke ɗaukar shugaban asibiti, shi ke sallamar sa, shi ke amincewa da kasafin kuɗi da lokutan aiki da farashi. Ranar da muka gaya wa wani babban Alhaji, wanda shi ya ba da kuɗin hayar shekarar farko, cewa ƙanensa ba zai zauna a kwamiti ba tunda matar ƙanen ce akantarmu, sai da aka kwana biyu ana ba shi haƙuri. "Ranka ya daɗe, ba mu muka ce ba, doka ce," haka muka yi ta maimaitawa. Daga baya kujerar ta koma hannun wani direba mai ciwon suga, kuma shi ne ya sa muka mayar da aikin ranar Talata zuwa ƙarfe tara na dare, don ya san lokacin da direbobi ke sauka daga aiki. Likitocinmu ba su taɓa tunanin haka ba.

In masallaci ko coci ne ya haifi asibitin, ku yaye shi. Ya samu rajistarsa daban, asusunsa daban, kwamitinsa daban. Ƙungiyar addini tana iya neman tallafin tarayya, amma kuɗin ba ya shiga wa'azi ko ibada, kuma ƙofa a buɗe take ga kowa.

Kwamitin nan ne kuma zai amince da jadawalin farashi daidai ƙarfi. Wanda kuɗin shigarsa bai wuce ma'aunin talauci na tarayya ba, ana yafe masa gaba ɗaya ko a karɓi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wanda ke tsakanin ma'aunin da ninkinsa biyu, ana yi masa ragi hawa-hawa. Wanda ya haura ninki biyu ya biya cikakke. A 2025 ma'aunin dala 15,650 ne ga mutum ɗaya, dala 32,150 ga iyali mai mutum huɗu, kuma duk farkon shekara ake sabunta shi. Ba a korar kowa don ba shi da kuɗi.

Mataki na huɗu: rajistar intanet

Aiki ne mai gundura, amma ya kayar da takardun da suka fi naku kyau. Wuri uku ne, kuma a jere ake bin su.

Na farko SAM.gov, inda za a ba ku lambar shaida ta UEI mai haruffa da lambobi 12, wadda ta maye gurbin tsohuwar lambar DUNS tun watan Afrilun 2022. Rajistar kyauta ce. Da zarar kun fara, wasiƙu za su yi ta shigowa daga kamfanoni masu kama da na gwamnati suna neman ɗaruruwan daloli don su "taimaka" muku. Ku share su. Sunan ƙungiya da adireshinta dole su yi daidai da abin da ke takardar IRS harafi da harafi, kuma akwatin gidan waya ba ya zama adireshi. Tantancewar tana iya cin makonni. Na biyu Grants.gov, inda za ku naɗa mutumin da ke da ikon tura takarda da sunan ƙungiya. Na uku shafin HRSA da ake kira EHBs.

Rajistar SAM shekara ɗaya take yi ta mutu. Mu tamu ta mutu ba mu sani ba, saboda wanda ya buɗe ta da imel ɗinsa na kansa ya yi, ya kuma tafi gida hutu wata uku. Saura kwana tara wa'adi ya cika muka gano. Ba mu samu shiga wannan zagayen ba. Ku buɗe da imel ɗin ƙungiya, mutum biyu su san yadda ake shiga, ku rubuta ranar mutuwarta a bangon ofis.

Mataki na biyar: ku fara da ƙananan kuɗi

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Babu mai ba ku dubban ɗaruruwan daloli alhali ba ku taɓa riƙe dubu ashirin kun ba da lissafinta ba.

Wurin da mutane suka fi mantawa shi ne babban asibitin da ke kusa da ku. In ba na neman riba ba ne, dokar lafiya ta 2010 ta wajabta masa ya binciki buƙatun lafiyar yankinsa duk shekara uku, ya wallafa rahoton, ya faɗi abin da zai yi a kai. Ku nemo rahoton a shafinsa ku karanta. In ya rubuta cewa hawan jini da ciwon suga da matsalar harshe ne suka fi damun yankin, to kun samu bakin zaren. Kuma yana da nasa amfanin a ciki: tun 1986 doka ta hana sashen gaggawa korar wanda ya zo a matse, ko yana da kuɗi ko babu, don haka duk mai ciwon suga da kuka riƙe da magani, kun rage wa asibitin asara. Da wannan harshen za ku yi musu magana. Ko ba su ba da kuɗi ba, suna iya ɗaukar nauyin gwajin jini ko hoton ƙirji.

Sai gidauniyoyi. Manya irin Robert Wood Johnson da Kresge sunansu ya fi fitowa, amma sabon asibiti ya fi samun shiga a gidauniyar garinsa ko ta jiharsa. Doka ta sa gidauniyoyi masu zaman kansu su fitar da kusan kashi 5 cikin 100 na dukiyarsu duk shekara, kuma suna cike fom 990-PF wanda kowa ke iya gani. A ciki akwai sunan duk wanda suka ba, da nawa. Ku duba a shafin ProPublica ko a kundin Candid, wanda ɗakunan karatu da yawa ke buɗewa kyauta. Wanda ya saba ba da dala 15,000, kada ku roƙe shi 200,000. Yawancinsu gajeriyar wasiƙa suke so da farko, shafi ɗaya ko biyu. Ku kira jami'insu a waya kafin ku rubuta. Aikinsa ke nan, ba roƙo ba ne.

Magunguna da kayan aiki kuma, ƙungiyoyin agaji irin Direct Relief da Americares suna ba asibitocin sadaka kyauta. Haka nan HRSA tana da shirin da ke ba likitoci 'yan sa kai kariya daga ƙarar kuskuren aiki, matuƙar asibitin ba ya cajin marasa lafiya kuma ba ya karɓar kuɗin inshora. Wannan kaɗai yakan sa likitan da ke ɗari-ɗari ya amince ya zo.

Kada ku ga abin yana tafiyar hawainiya ku karaya. Asibitin UMMA da ke kudancin Los Anjalis, wanda ɗalibai Musulmi masu karatun likitanci suka kafa, a 1996 ya buɗe a matsayin na sadaka. Sai a 2008 ya zama cibiyar da tarayya ta amince da ita.

Mataki na shida: matsayin Look-Alike

Gasar sababbin cibiyoyi, wadda ake kira NAP, ba kullum ake buɗe ta ba, sai majalisa ta ware kuɗi. A 2019 an raba dala miliyan 50 ga cibiyoyi 77 a duk faɗin ƙasar, kusan dala 650,000 kowace a shekara, kuma bayan nan sai a 2024 aka sake fitar da sanarwa. Ɗaya gasar, SAC, ta yankunan da wata cibiya ke riƙe da su ce in wa'adinta ya zo ƙarewa, kuma da wuya baƙo ya kayar da mai wuri.

Look-Alike kuwa ba gasa ba ce, kuma ba ta da wa'adi. Duk ranar da kuka cika sharuɗɗa, kuna aiki a ƙarƙashin kwamitin da ya dace, sai ku nema, su turo masu dubawa. Ba za a ba ku ko sisi na tallafi ba, amma ku dubi abin da ke biyo baya. Medicaid da Medicare, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi da ta tsofaffi, za su riƙa biyan ku da farashi na musamman a kan kowane zuwa, wanda ya fi na likitan kasuwa. Za ku shiga shirin 340B, wanda aka kafa a 1992, ku sayi magani da rahusa mai yawa. Za ku iya jawo likitocin da gwamnati ke biya wa bashin karatu in sun yi aiki a wuraren ƙaranci. Abin da ba za ku samu ba shi ne kariyar ƙarar kuskuren aiki da masu tallafin 330 ke samu, sai ku sayi inshorarku.

Abin da mutane ba su gane ba ke nan: ko a cibiyoyin da ke cin tallafin, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin shigarsu ba. Medicaid ce ke kawo kaso mafi tsoka, sama da kashi 40 cikin 100. Don haka ma'aikacin da ke zama da mutane yana cike musu fom ɗin inshora, da wanda ke bin kuɗin da aka yi aiki, sun fi marubucin takardar tallafi kawo kuɗi. Ku shiga ƙungiyar cibiyoyin lafiya ta jiharku, kamar CHCANYS a Niyok. HRSA ce ke ba su kuɗi don su koya wa irinku hanya.

Mataki na bakwai: rubuta takardar

In sanarwa ta fito, ku buga ta a takarda, ku fara karantawa daga sashen da ke bayyana yadda za a raba maki. Masu dubawa mutane ne 'yan waje da aka ɗauko, kowanne da tarin takardu a gabansa da jerin tambayoyi. Duk abin da bai gani ba a inda aka ce a sa shi, babu shi. Ku yi amfani da kanun da sanarwar ta yi amfani da su, a jeren da ta bi: buƙata, yadda za ku amsa ta, haɗin gwiwa, yadda za a auna sakamako, ƙarfinku na aiki, shugabanci, sai kuɗin da kuke nema. Akwai iyakar shafuka, kada ku haura.

A sashen amsa buƙata, duk matsalar da kuka ambata a baya sai an ga maganinta. Kun ce harshe, to ina tafinta, da wane harshe, awa nawa a mako, nawa ne albashinsa a kasafi? Kun ce direbobi, ina lokutan dare? Dokar ta lissafa ayyukan dole, ciki har da awon ciki, rigakafin yara, gwaje-gwaje, kula da haƙori matakin farko, magani, sufuri da wanda zai ɗaga waya bayan an tashi aiki. Ba lallai ku yi duka da kanku ba. Fom 5A yana ba ku zaɓi uku: ku yi da kanku, ku biya wani ya yi, ko ku tura da rubutacciyar yarjejeniya. Yarjejeniyar baki ba ta da gurbi a fom.

Wasiƙun goyon baya daga cibiyoyin da ke maƙwabtaka da ku su ne suka fi cin lokaci, don wasunsu kallon kishiya za su yi muku. Ku je da ƙafarku tun da wuri, ku nuna musu mutanen da za ku ɗauka ba nasu ba ne.

Kasafin kuɗi kuma na asibitin ne gaba ɗaya, na tarayya a gefe, sauran a gefe. Abin da masu dubawa ke fara kamawa shi ne saɓani: labari ya ce likita biyu, fom ɗin ma'aikata ya ce ɗaya da rabi, kasafi ya biya uku. Ku sa mutum ɗaya wanda bai yi rubutun ba ya bi kowace lamba a ko'ina ta fito. Kada ku kumbura adadin marasa lafiyar da za ku gani don ku burge, domin da shi za a kama ku, kuma ana iya rage kuɗin in kun gaza. In ba ku da yarjejeniyar kuɗin gudanarwa da gwamnati, ƙa'ida ta yarda ku ɗauki har kashi 15 cikin 100 a kan kuɗin aikin domin gudanarwa, wanda kafin Oktoban 2024 kashi 10 ne. Ku ɗauka. Da shi ake biyan wuta da akanta.

Mataki na takwas: turawa, da abin da ke biyo baya

Turawa hawa biyu ce, kowanne da ranarsa. Za ku fara tura fom SF-424 da 'yan takardu a Grants.gov, sannan ku ƙarasa sauran a EHBs. Wanda ya makara a hawan farko ba ya ganin na biyu. Lokacin da aka rubuta agogon gabashin Amurka ne, mazauna Shikago da Houston su lura. Ku tura saura kwana uku, don in na'ura ta dawo da shi da kuskure ku samu damar gyarawa.

In ba ku ci ba, za a aiko muku da bayanin masu dubawa, inda kuka yi ƙarfi da inda kuka yi rauni. Ku kai shi zaman kwamiti a karanta layi-layi, ko da zai yi ɗaci.

In kun ci, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sabuwar cibiya kwana 120 ake ba ta ta buɗe ƙofa ta fara ganin marasa lafiya, a wuri na dindindin mai aiki awa 40 a mako, shi ya sa maganar haya da ɗaukar likita sai an kusa gama ta kafin sakamako ya fito. Kuɗin ba a jibge muku su a asusu. Kuna jawowa ne daidai abin da za ku kashe cikin 'yan kwanaki. Duk ranar 15 ga Fabrairu akwai rahoton UDS, mai ƙirga marasa lafiya da sakamakon aikinku, har da yawan masu hawan jinin da jininsu ya daidaita. Ƙungiyar da ta kashe dala miliyan 1 na tarayya a shekara sai an yi mata binciken kuɗi na musamman. Masu dubawa kuma za su zo da kansu su kwana biyu ko uku, su buɗe littafin zaman kwamiti wata bayan wata, su zauna da 'yan kwamitin su yi musu tambayoyi.

Ku kuma sa ido a kan Washinton. Kusan kashi 70 cikin 100 na tallafin daga wani asusu yake fitowa wanda aka kafa a 2010, kuma sai majalisa ta riƙa sabunta shi, wani lokaci na 'yan watanni kawai. A watan Yulin 2025 ma'aikatar lafiya ta fitar da sanarwar da ta sa shirin cibiyoyin cikin ayyukan da takardun zama ke iya shafa, jihohi da dama suka kai ƙara kotu. Tunda yawancin masu zuwa wurinku baƙi ne, kafin ku canza ko tambaya ɗaya a fom ɗin karɓar marasa lafiya, ku ji ta bakin lauyanku da ƙungiyar cibiyoyin jiharku, ku kuma rubuta abin da suka ce a littafin zaman kwamiti na wannan watan.